Gani Ya Kori Ji: Saita Kafireton Babur a Motar Haɗin Gida

A shekarar 1996 wani mutumin Ingila mai suna Ron Champion ya wallafa littafin da ya ce mutum na iya ƙera motar tsere da hannunsa a kan fam 250 kacal. Motar da ya zana, wadda ake kira Locost, ta ɗauki siffar Lotus Seven, ƙaramar motar nan mai kujera biyu da Colin Chapman ya fitar a 1957. Tun daga lokacin masu sha'awa a Birtaniya suke shiga garejin gidajensu, su yi waldar ƙashin mota da bututun ƙarfe, su ciro inji da giya daga tsohuwar Ford, su haɗa abin hawansu. Da yawa daga cikinsu, idan aka zo maganar shayar da injin mai, sai su ɗora masa kafireton babur. Dabarar tana da kyau, amma tana da sharaɗi guda: a saita ta da ma'auni. Wanda ya dogara da kunnensa kaɗai, ko ya kwafi lambobin wani, yana caca ne da injinsa.

Kuɗi ne ya fara jawo su ga wannan hanya. Kafireton Weber na Italiya, wanda masu tsere suka daɗe da amincewa da shi, yana da tsada. Su kuwa manyan baburan Japan, da suka koma feshin mai da kwamfuta ke sarrafawa, sai tsofaffin kafiretocinsu na Mikuni da Keihin suka cika wuraren sayar da kayan gwanjo. Yamaha R1, alal misali, ta yi amfani da kafireto daga 1998 zuwa 2001, sannan ta bar shi a 2002. Jerin guda huɗu ne a haɗe, kowace silinda da nata.

Lissafi ma ya goyi bayan dabarar. Injin R1 bai cika lita ɗaya ba, amma yana juyi fiye da sau 11,000 a minti. Injin Ford Zetec mai lita biyu ya ninka shi girma, sai dai juyinsa yana tsayawa wajen 7,000. Idan aka auna iskar da kowanne ke zuƙa a ƙarshen ƙarfinsa, tazarar ba ta da yawa. Shi ya sa maƙogwaron kafireton babur ke wadatar da injin mota.

Matsalar tana cikin yadda ake zuƙar iskar. Aikin kafireto shi ne ya matse iska a wani ƙunci. Idan ta matsu sai ta ƙara gudu, nauyinta ya ragu, ta tsotso mai ta wasu ƙananan ƙarafa masu huda da makanikai ke kira jet. Akwai ƙaramin jet mai kula da inji lokacin da yake aiki a tsaye, akwai allura mai kula da tsaka-tsakin totur, akwai kuma babban jet da ke karɓar ragama idan aka take totur har ƙasa. Injiniyoyin Japan sun zaɓi girman kowanne ne don silinda mai ɗaukar rubu'in lita, mai shaƙa kaɗan-kaɗan da sauri, da akwatin iska da salansa na babur. Silindar Zetec rabin lita ce, tana shaƙa mai zurfi a hankali. Kafireto bai san an sauya masa gida ba. Zai ci gaba da ba da mai bisa tsohon lissafi.

A nan ne haɗarin yake. Fetur yana ƙonewa tas idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Amma inji a cikakken totur yana bukatar mai fiye da haka, wajen 12.5 zuwa 13, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Idan mai ya yi yawa, injin yana faɗa da bakinsa: baƙin hayaƙi, fulogi mai kunkunniya, tanki mai saurin ƙarewa. Idan kuwa mai ya yi kaɗan, sau da yawa injin yakan yi ƙara mai daɗin ji, ya riƙa amsa totur da zafi-zafi, alhali zafi na taruwa a kan fistin da bawul. Ƙwanƙwasar da ke gargaɗin cewa mai na fashewa ba bisa ƙa'ida ba tana da wuyar ji a motar da ba ta da rufi, wadda salansarta ke kusa da kunnen direba. Kafin ya ankara, fistin ya huje.

Masu kare aikin kunne suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce tsofaffin makanikai sun yi shekaru suna saita inji da sauraro da duba launin fulogi, kuma biyan kuɗin na'urar gwaji ya saɓa wa ruhin motar da aka gina don araha. Gaskiya ne gogaggen kunne yana gane cewa akwai matsala. Abin da ba ya iyawa shi ne ya faɗi girmanta, ko ya nuna a wane matakin totur take. Fulogi kuma yana ba da labarin mintunan ƙarshe ne kawai kafin a kashe inji, sannan man zamani marar dalma ba ya barin launi bayyananne kamar na da. Batun tsada ma ya sauya: na'urar da ake ɗaurawa a bututun hayaƙi, ta riƙa nuna rabon iska da mai a lambobi yayin da mota ke tafiya, kuɗinta bai kai na sake gina inji ba.

Kwafar lambobin wani ita ce gajeriyar hanyar da ta fi ruɗi. Mutum biyu na iya samun inji iri ɗaya da kafireto iri ɗaya, amma tsawon bututun da ya haɗa su, da matatar iska, da salansa su bambanta, kuma kowanne yana sauya bukatar mai. Man kansa ya sauya: tun Satumbar 2021 fetur ɗin yau da kullum a Birtaniya ya koma E10, mai ɗauke da sinadarin etanol har kashi goma cikin ɗari, wanda ke bukatar a ɗan ƙara mai. Lambar da ta yi daidai a motar wani shekaru goma sha biyar da suka wuce mafari ce kawai.

Ma'auni ma ba ya amfani sai an bi aikin daki-daki. Da farko a tabbatar iska ba ta kutsawa ta bakin robobin da suka riƙe kafireto, domin ƙaramar kafa tana ɓata duk lissafi. Sai a duba famfon mai: kafireton babur ƙarfin turi kaɗan yake so, famfon mota mai ƙarfi yakan sa shi ambaliya, shi ya sa da yawa suke ɗauko famfon babur ɗin su haɗa. Sai tsayin mai a cikin kwanon kowane kafireto, sai lokacin tashin wuta a fulogi, sai a daidaita huɗun su riƙa zuƙa bai ɗaya. Bayan wannan ne ake taɓa jet da allura, abu ɗaya a kowane gwaji, a rubuta sakamako. Wanda ya ɗauki abin huda ya faɗaɗa jet ya tuna cewa ramin da aka buɗe ba ya komawa.

Darasin bai tsaya a garejin Ingila ba. Yawancin baburan da ke kan titunan Kano da Maraɗi da kafireto suke aiki, kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023, sha'awar matse shi don rage shan mai ta ƙaru. Dokar ƙonewar fetur ɗaya ce a ko'ina: abin da aka rage a gidan mai yana iya dawowa a kuɗin fistin.

Wanda ya yi shekara biyu ko uku yana walda da ɗaure noti ya cancanci ya ji daɗin ƙarar injinsa. Sai dai ya fara ganin lambar da ke tabbatar masa cewa ƙarar ta lafiya ce, sannan ya take totur.