Hukuncin Zama A Zaurukan Waya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ɗan'uwa mai sayar da hatsi a Kabo ya aiko mana da tambaya. Ya ce yana cikin zauruka shida na WhatsApp, akwai na 'yan kasuwa, da na dangi, da na waɗanda suka yi makaranta tare. Shin zama cikinsu alheri ne, ko kuwa ya fita?

To, ya kai ɗan'uwa, ka sani Allah bai halicci ɗan Adam don ya zauna shi kaɗai ba. Sallar jam'i ta fi sallar mutum ɗaya da daraja 27, kamar yadda ya inganta. Almajiran da suka taru wajen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Degel, sunan da aka san su da shi ke nan, watau Jama'a. Iyayenmu kuma a Gwarzo suna da majalisarsu a ƙofar gida bayan La'asar, can a ke jin wanda ba shi da lafiya da wanda bashi ya kama. Sa'ad da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aka kuma ƙirƙiro WhatsApp a 2009, sai majalisa ta koma cikin aljihu.

Amfanin abin a fili ya ke. Ɗan kasuwar Getso ya kan ji farashin masara a Dawanau tun bai ɗora kaya a mota ba. Ma'aikacin gwamnati ɗan Garo da aiki ya kai shi Abuja ya kan ji rasuwa ko haihuwa a gida nan take, ya aika da gudummawarsa. A shekarar 2020, da aka hana fita a Kano saboda annobar korona, mutane da yawa ta waya suka saurari tafsirin azumi. Duk wannan sada zumunci ne da taimakon juna, shari'a kuwa ta yi umurni da su.

Amma fa majalisar ƙofar gida tana da dattijo mai tsawatarwa, kuma maganar da aka yi a can ta kan tsaya. Ta waya kuwa, kafin a kira Magariba ta kai Legas. Mu tuna watan Agusta na 2014, da aka yaɗa cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna maganin cutar Ebola, har wasu suka rasa rayukansu. Mun kuma san wani mai awo da aka yi wa ƙagen tauye mudu a wani zaure, masu ciniki suka watse, da gaskiya ta bayyana babu wanda ya koma ya wanke shi.

Saboda haka hukuncin zaure yana bin abin da a ke yi a cikinsa ne. Wajibi ne ka bincika labari kafin ka tura shi, domin aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umurni da haka, aya ta 12 kuma ta hana zato da giba. Kada ka karɓi fatawar da ba a san malamin da ya ba da ita ba. Shugaban zaure kuma ya sani amana ce a wuyansa, za a tambaye shi.

In ka ga ana cin naman wani, yi nasiha da tausasawa. In an ƙi ji, ka fita, ba laifi a kanka. Zauren dangi kam ka yi haƙuri da shi, kada gyara ya zama yanke zumunci.

Allah Ya haɗa mu da abokan zama nagari, amin. Wassalamu alaikum.