Idan An Tsare Uwa, Gida Duka Aka Tsare

'Yan'uwa manoma, a shekarar 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da fetur a jarka saboda ɓarayin dajin Rugu, aka kuma yanke layin waya a Batsari da Safana. A lokacin an kama mata bisa zargin kai wa ɓarayi mai. Wadda ta yi da gangan, shari'a ta hukunta ta. Amma zargi ba hukunci ba ne.

Mata ba su da yawa a gidajen yarin Nijeriya, kamar 2 ne cikin 100. Sai dai yawancin waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. In mace ta yi damina guda tana jira, wa zai riƙe yara? A cire babbar 'ya daga makaranta ta koma gindin murhu, a sayar da akuya don kuɗin mota. Ko an sallame ta, sai a ƙaurace wa ƙuli-ƙulinta, 'yan adashi su guje ta.

Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma hukumar gwamnati mai ba talaka lauya kyauta tun 1976.

Saboda haka kowace ƙungiyar gama kai ta zaɓi dattawa biyu masu bin sawun shari'a da tsayawa beli. Mu yi wa gonarta gayya, mu ziyarce ta. Ranar da ta dawo, mu fara sayen kayanta.