Motar Yayi Ta Hannu: Ba a Fuska Ake Gane Gaskiyar Mai Sayarwa Ba

Duk matashin da ya taɓa sayen tsohuwar waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano ya san ƙa'ida. Kafin ya miƙa kuɗi sai ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, ya duba lafiyar batir, ya tabbatar an cire iCloud, ya lura ko an taɓa canza gilashi. Ba ya jin nauyin mai shago, shi ma mai shagon ba ya ɗaukar hakan a matsayin cin fuska. Abin mamaki, shi dai wannan matashin idan ya tashi sayen motar miliyoyin naira sai ya ajiye duk wayonsa a gida. Bidiyon daƙiƙa talatin a TikTok, ƙugin salansa, da rantsuwar dillali sun ishe shi.

Wannan ɗabi'a ba ta tsaya a birni ba. A yankin Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai, inda madatsar ruwan da aka gina a ƙarshen shekarun 1970 ta mayar da noman rani sana'a mai kawo kuɗi, akwai samarin da kan tara abin kirki idan shinkafa ko tumatir ko albasa suka yi kasuwa. Wayar da suke jin farashin Badume da Dawanau da ita, ita ce dai ke nuna musu BMW da Marsandi da aka sauke su ƙasa, aka sa musu manyan ƙafafu da baƙin gilashi. Son mota mai kyau ba laifi ba ne. Amma kuɗin da aka yi wata huɗu ana ban ruwa kafin a same su sun fi ƙarfin a sayi kifi a ruwa da su.

Me ya sa motar da aka yi wa kwaskwarima ta fi wuyar sha'ani?

Motar da take yadda kamfani ya ƙera ta tana da ma'auni. Kowane bakanike ya san yadda ya kamata ta yi ƙara, da yadda ya kamata ta tsaya. Da zarar an taɓa kwamfutar injin don ƙara mata gudu, an yanke sifirin don ta kwanta, an canza salansa, ma'aunin ya tafi. Ƙarar da a wata motar alama ce ta ciwo, a nan sai a ce ai gyaran ne ya sa. Ke nan kwaskwarima tana iya zama ado, tana kuma iya zama mayafi.

Sannan ba kasafai ake ƙara wa mota ƙarfi don a riƙa lallaɓa ta ba. Motocin da ake wasan juyi da su a wuraren biki suna shan wahalar da agogon kilomita ba ya nunawa: kuloci, giyabos, tayoyin baya da baƙin mai duk suna ji a jikinsu. Wasu ma har walda ake yi wa difarenshal don ƙafafun baya su riƙa juyawa tare, abin da ke sa mota ta yi wuyar sarrafawa a kwana, musamman lokacin damina.

Ga kuma hanya. Motar da cikinta ya kusa taɓa ƙasa an yi ta ne don shimfiɗaɗɗen titi, ba don burtali da hanyar gona da ta sha ruwan Agusta ba. Buɗaɗɗiyar matatar iska da ake sakawa don injin ya yi gurnani, idan ba mai inganci ba ce, ƙurar hunturu take tura wa injin. Injin da aka matse shi ya ba da ƙarfi fiye da ƙima yana son mai mai kyau da lagireto lafiyayye, alhali a ƙauye sau da yawa man 'yan bumburutu ne a kusa, zafin Afrilu kuma yakan haura digiri 40. Kayan gyaranta ma sai an je Ƙofar Ruwa, wani lokacin a dawo hannu rabbana.

Kuskuren da aka fi yi

Yawancin masu saye suna auna mai sayarwa ne da kamanninsa. Ya yi shiga ta mutunci, yana da fara'a, ya ce motar ta wani Alhaji ce da ba ya fita da ita sai ranar Juma'a, ya rantse. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna halin da injin yake ciki. Mayaudari ya fi kowa iya fara'a, domin ita ce jarinsa. Mai gaskiya kuma yana iya faɗin abin da ba haka yake ba, saboda shi ma haka aka faɗa masa. Mota takan bi hannu huɗu ko biyar tun daga wurin gwanjo a Amurka, zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas ko Kwatano, zuwa gareji, zuwa dillali. A kowane hannu labarinta yana ƙara kyau.

Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce ko mutumin yana da kirki ba. Tambayar ita ce: ya yarda a bincika abin da ya faɗa? Wannan ne kawai ma'aunin da ba ya buƙatar karanta zuciyar kowa, kuma rabin kayan aikinsa suna cikin aljihun mai saye.

Abin da waya za ta iya tonawa

Na farko lambar shasi, wato VIN. Ita ce IMEI ɗin mota. Tun daga 1981 tana da haruffa da lambobi 17, kuma babu I, O ko Q a cikinta. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ƙofa, da cikin takardu. Dole duka su zo ɗaya. Idan motar daga Amurka ta fito, rubuta lambar a Google kaɗai yakan fito da hotunanta na ranar da aka yi gwanjonta a Copart ko IAA, wani lokacin gabanta a ragargaje, jakunkunan iska a fashe. Carfax da AutoCheck suna sayar da cikakken tarihi, har da adadin mil ɗin da aka rubuta mata a can, wanda ke tona asirin agogon da aka mayar baya. Shafin VINCheck na hukumar NICB yana nuna kyauta ko an taɓa ba da rahoton sace ta ko kamfanin inshora ya yafe ta.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. Ambaliyar guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubun dubatar motoci a Houston, kuma irin waɗannan motoci ta hanyar gwanjo ake rabuwa da su. Motar da ta sha ruwa tana iya yin wata shida lafiya kafin wayoyinta su fara ruɓewa. A watan Satumbar 2024 kuma hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Wanda aka kama irin wannan mota a hannunsa ya rasa mota, ya rasa kuɗi, ko da da zuciya ɗaya ya saya.

Na biyu, 'yar na'urar OBD2. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da kafar da ake soka ta a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar, irin su ELM327, ba ta kai girman kwalin ashana biyu ba, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, a karanta da manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Ba lambobin matsala kaɗai ake dubawa ba, domin mai wayo yakan goge su kafin mai saye ya iso. Abin lura shi ne gwaje-gwajen da kwamfutar mota ke yi wa kanta. Idan an goge lambobi kwanan nan, za su nuna ba su kammala ba, kuma motoci da yawa suna faɗin kilomita nawa aka yi tun bayan gogewar. Motar da aka ce kullum ana hawa, amma ta nuna kilomita 6 kacal, tana da abin da ba a so a gani.

Lambar P0420 kuma sau da yawa tana nufin abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ya lalace ko an cire shi. Ana fafe shi a sayar ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Ba kowane gurnani ne ƙarfin inji ba. Wani gurnanin shaidar sata ce.

Na uku bai ma buƙatar intanet. A murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba. Fitilar injin, ta jakar iska da ta ABS dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ko an rufe ta. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke jikin taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ƙaramin maganaɗisu zai ƙi kama bodin ƙarfe a inda aka cika foti. Fitilar waya kuma za ta nuna tsatsa ko busasshen taɓo a ƙarƙashin kujera da kafet.

Sai takardu. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce ta biyo ta Maraɗi tana buƙatar a tabbatar da takardar kwastam ɗinta a ofishinsu, ba a bakin dillali ba. Ana duba lambar mota a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. Baƙin gilashi yana buƙatar izinin 'yan sanda. Idan an mayar da ita mai amfani da iskar CNG, a nemi shaidar wurin da aka yi aikin. Fashewar da ta auku a wani gidan sayar da iskar a birnin Benin cikin Oktoban 2024 tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba ce ta jawo ta.

Inda waya ta gaza

Bai kamata a zuzuta na'ura fiye da ƙima ba. Tarihin Carfax yana ƙarewa ne ranar da mota ta hau jirgi. Duk abin da ya same ta a titin Kano zuwa Katsina babu mai rubuta shi. Na'urar OBD2 mai araha ba ta ganin shasin da aka miƙe da wuta, ba ta jin kukan giyabos. Don haka har yanzu sai da bakanike, kuma wanda mai saye ya zo da shi, ba wanda dillali ya nuna ba. A tayar da motar da safe injin yana sanyi, a hau da ita ramin gareji a duba cikinta, a yi tafiya mai ɗan nisa da ita har ta yi zafi.

Akwai masu cewa irin wannan bin diddigi bai dace da mutanen karkara ba, inda kowa ya san kowa, kuma dillalin gari ba zai cuci ɗan garinsu ba domin gobe za su haɗu a masallaci ko wurin ɗaurin aure. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sanayya tana hana wasu abubuwa. Sai dai dillali la'adarsa yake nema, kuma ba shi ya ga motar ranar da ta yi haɗari a wata nahiya ba. Binciken ma kariya ce gare shi. Rigingimun da ke kai maƙwabta gaban mai gari ko kotu sun fi tasowa daga cinikin da aka yi cikin kunya, ba wanda aka yi ido a buɗe ba. A fiƙihun ciniki ma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da damar mayar da kaya idan an ɓoye masa.

Yadda mai gaskiya yake

Alamominsa ba su da wuyar ganewa. Yana turo lambar shasi ta WhatsApp ba tare da gardama ba. Yana lissafa abin da aka canza a motar, da wanda ya yi aikin, sau da yawa ma tsofaffin kayan na asali suna ajiye a wurinsa. Yana faɗin aibi tun kafin a tambaya. Yana yarda a rubuta yarjejeniya da shaidu, a tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardu. Wanda kuwa ya ce an riga an wanke injin kuma an tayar tun asuba, ko ya ce wani daga Abuja yana hanya da kuɗi, ko ya nemi kafin alƙalami kafin a ga mota, ko ya ɓata rai don an fito da na'ura, ya riga ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Matashin da ya sayar da amfanin gonarsa yana da 'yancin ya hau abin da ransa ke so, ko da mutane za su ce ba ta dace da hanyar garinsu ba. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya biya kuɗin lafiyayyar mota ya karɓi mai jinya. Motoci ba sa ƙarewa a kasuwa. Idan mai sayarwa ya ƙi bincike, a yi masa sallama cikin mutunci a nemi wata. Kuɗin noman rani kuwa sai wata shekarar.