Ɗan jakin Meksiko, ribar Amurka

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da yunwa ta kai gidan burrito a Amurka zai tarar da cimar da ya sani: shinkafa da wake da nama, an naɗe su cikin waina mai faɗi ta alkama. Da Sifaniyanci sunan na nufin ɗan jaki. Musulmi dai ya kula: carnitas naman alade ne, kuma galibi da kitsensa ake soya dakakken wake.

Amma ya dubi hannun da ke naɗin. A watan Janairun 1994, watan da aka karya darajar CFA, yarjejeniyar NAFTA ta fara aiki. Masarar Amurka, wadda gwamnati ke tallafa wa manomanta, ta malale kasuwannin Meksiko. Ƙananan manoma suka kasa gogayya, da yawa suka ƙetare iyaka, wasunsu suka ƙare a irin waɗannan ɗakunan girki. Masu wa'azin buɗe kasuwa ba su cika tuna wannan ba.

Ribar ma ba Meksiko take zuwa ba. Chipotle, mai rassa fiye da 3,000, kamfanin Amurka ne da aka kafa a Denver a 1993.