Rufe Taga Ba Sallamar Baƙo Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a ɗakin kwamfuta na kwalejin nan, ina so mu dube ta. Da na'ura ta yi nauyi, sai mutum ya zare wayarta daga bango, yana cewa ta tsufa, a sayo sabuwa. Ni ma na yi haka bara ina cikin rubuta rahoton koyarwar gwaji, na yi hasarar shafi shida. Ashe laifin ba na tsufa ba ne, na rashin sanina ne.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta tana da wurin aiki da a ke kira RAM, kamar tabarma ce, iyakar faɗinta iyakar masu zama. Kowace manhaja ka buɗe sai ta sami gefe ta zauna. To, in ka danna alamar X, sau da yawa tagar kaɗai ka rufe, manhajar tana nan zaune. Wata da gangan aka yi ta haka, sai ta koma ta fake kusa da agogo a ƙasan allo. Wata kuwa maƙalewa ta yi. Shi ya sa Word kan ce wani yana riƙe da takardarka, alhali kuwa Word ɗin ɗazu ne bai tashi ba. Na'ura mai RAM gigabait 4 ba ta jure baƙi da yawa irin waɗannan.

Maganin ba wuya. Fara adana aikinka tukuna. Sa'an nan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito ya nuna duk abin da ke gudana da yawan wurin da ya ci. Zaɓi wadda ka rufe ta ƙi tafiya, ka danna End task. Amma fa sunan da ba ka sani ba kada ka taɓa shi, watakila na Windows ne kansa. Chrome kuma yana da makunni cikin saitinsa na hana shi aiki bayan an rufe shi. In abin ya ƙi, yi Restart, gama tun daga Windows 8 na 2012 Shut down ba ya share kome sarai muddin Fast Startup na kunne.

Roƙona ga hukumar kwaleji shi ne a koya wa kowane sabon ɗalibi wannan tun makon farko. Gobe mu za a tura makarantun da kwamfuta ɗaya ce tak gare su, ba makaniki kusa, ba kuɗin sabuwa. Malamin da ya zare waya gaban yara, lalle su ma haka za su tashi suna yi.

Wassalam.