Ma'aunin da ba ya ganin yunwar damina

Kowane wata Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, takan fitar da ma'aunin farashin kayan masarufi, wato IHPC, wanda ƙasashen UEMOA suka daidaita a kansa tun 1998. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce kada hauhawar farashi ta wuce kashi 3 cikin 100 a shekara. In ba ta wuce ba, sai mahukunta su ɗaga takarda su ce wa ƴan ƙwadago kasuwa lafiya lau. Ma'aikatan da ke zaga kasuwanni suna ɗora kashin tumatir bisa sikeli ba su yi ƙarya ba. Abin zargi shi ne adadin da aka zaɓa a riƙa nuna wa jama'a.

Adadin nan yana gwada matsakaicin farashin wata 12 ne da na wata 12 da suka gabace su. Ke nan hawan da tiyar hatsi ke yi daga kaka zuwa Yuli da Agusta ba zai bayyana ba, tunda bara ma ta yi wannan hawan. A takarda arahar Nuwamba ta biya tsadar Agusta. A gidan manomi ba haka ba ne: ya sayar da hatsinsa lokacin araha don biyan bashi, ya dawo ya saye shi lokacin da rumbu ya ƙare. Shi ma malamin makaranta albashinsa ɗaya ne rani da damina, amma a tsakiyar damina ne dangi na ƙauye ke aiko masa.

Sai maganar nauyi. Kowane kaya an yanka masa kasonsa cikin kwandon lissafi bisa binciken cefanen gidaje, kason kuma ba ya bin yanayin shekara. In mangwaro ya ɓace daga kasuwa, akan ƙiyasta masa farashi har ya dawo. Wannan dabara ce mai ma'ana, ba wanda zai kwana da yunwa saboda mangwaro. Amma magidancin da hatsi ya cinye masa kuɗin tufa da na magani a watan Agusta, ma'auni na lissafa shi kamar mai cefanen Disamba. Akwai ma wani adadin da babban banki BCEAO ke dubawa, wanda ake cire makamashi da ɗanyun kayan abinci daga cikinsa don wai suna yawan hawa da sauka, har da hatsin da ba a sarrafa ba. Ma'aunin tsada a Nijar, ba hatsi!

An ga sakamakon irin wannan a 2005. Hauhawar farashi ta shekarar ba ta kai kashi 8 cikin 100 ba, alhali buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni, yara na cika gidajen jinyar tamowa a Maraɗi da Damagaram. A lokacin, Yamai kaɗai ma'aunin ke aunawa. An faɗaɗa shi zuwa jihohi daga baya, an kyauta, sai dai matsakaicin shekara yana nan da makantarsa.

Gyaran ba ya buƙatar wani tallafi daga waje. Hukumar SIMA ta daɗe tana tattara farashin hatsi, dawa, masara da wake a kasuwannin ƙasa. A buga, kusa da adadin hukuma, nawa tiya ta hau daga kaka zuwa watan da ake ciki, jiha jiha. A ajiye wannan bisa tebur ranar zama da ƙungiyoyin ƙwadago, da ranar da ake yanke lokacin da OPVN za ta buɗe rumbunanta ta sayar da rahusa.