Tabarmar Madawa da fitilar Gifu: darasi ga iyaye da malamai

A manyan kantunan kayan ɗaki na Paris da Milan, kujerar da ta fi tsada sau da yawa ba ta da ƙyalƙyali ko ruwan zinari. Itace ne da aka sassaƙa da hannu, ko fata, ko saƙar ganye, kuma mai kanti zai gaya maka daga wace al'umma aka ɗauko fasalinta. Mu kuwa nan Nijar, idan auren ɗiya ya taso, uba ya kan sayar da gona ko ya ci bashi don a kawo gado da kabet daga Turkiyya ko Sin, na garin katako da aka matse aka shafa wa fenti. Kyan ɗan maciji ne: damina biyu ko uku, ya kumbura ya fara barewa. Ra'ayina shi ne, abin da attajiran duniya ke biyan kuɗi mai yawa a kansa yana hannunmu, amma mu da kanmu muke koya wa ƴaƴanmu raina shi.

Al'amarin ya daɗe. A shekarun 1920, wani Bafaranshe mai suna Pierre Legrain ya ƙera wa attajirin maɗinki Jacques Doucet kujeru, yana kwaikwayon kujerun sassaƙa na Afirka, har da na Ashantin Gana. Yau kujerunsa suna gidajen tarihi da sunansa a jiki. Masassaƙan da suka fitar da fasalin tun farko ba wanda ya rubuta sunansu. A 2009 kamfanin Moroso na Italiya ya fito da jerin kujeru mai suna M'Afrique, waɗanda masaƙa a Dakar ke saƙawa da zaren roba irin na komar masunta. Wannan ya fi na Legrain adalci tunda aikin yana Afirka, amma sunan da mai saye ya sani na kamfanin Italiya ne.

Misalin da ya fi dacewa da mu yana ƙasar Japan. Garin Gifu ya yi suna da fitilun takarda da gora, waɗanda ake kunna kyandir a ciki. Da lantarki ya yaɗu, sana'ar ta fara mutuwa. A 1951 mai sassaƙa Isamu Noguchi ya ziyarci garin, ya sake wa fitilun fasali, ya sa ƙwan lantarki a madadin kyandir, ya raɗa masu suna Akari, wato haske. Har yau a Gifu ake yin su, da hannu, da takardar ɓawon itace da gora, ana kai su ko'ina a duniya. Ba a jefar da tsohuwar sana'a ba, ba a kuma bar ta yadda take ba. An gyara ta daidai da ɗakin zamani, aikin kuma ya tsaya a garinsu.

To mu me muka rasa? Tabarmar kaba ta Madawa kowa ya san ta. Gulbin Kaba a jihar Maraɗi cike yake da goriba. Fatar jar akuyar Maraɗi ta daɗe tana da daraja wajen masu kayan fata na Turai. Akwai majema da dukawa a Damagaram, akwai magina tukwane a Mirya, akwai maƙeran azurfa a Agadas, akwai masu zanen ƙwarya a kasuwannin ƙauye. Wanda ya shiga ƙauyen masu sana'a na Wadata a Yamai, ko ya zagaya rumfunan masu aikin hannu a gidan tarihi na Boubou Hama, ko ya halarci baje kolin SAFEM na mata, ya san hannu bai ƙare ba. Ƙwarya mai huji-huji da aka sa wa ƙwan sola fitila ce da za ta ƙawata kowane falo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yaron da ya iya awo da zane da lissafin farashi, wanda kuma ba ya jin kunyar zama kusa da masaƙi.

A nan ne maganar ta zo kan malamai. Tsarin karatun firamare ya tanadi lokacin ayyukan hannu, APP, amma a makarantu da yawa ya koma shara da ɗebo ruwa. Me zai hana malami ya gayyato masaƙiyar tabarma ko baduku na unguwa sau ɗaya a wata? Zanen tabarma darasin lissafi ne: layi, kusurwa, maimaici, faɗi da tsawo. Yaro ya auna, ya zana a kaye, ya ƙidaya kuɗin kaba da na rini da kwanakin aiki, ya fitar da farashi. Sannan mu daina nuna wa yara cewa cibiyoyin koyon sana'a, CFM da CET, matattarar waɗanda suka faɗi jarrabawa ce.

Wasu za su ce aikin gida ba ya da kyan gamawa: ƙafar tebur ɗaya ta fi ɗaya, rini yana zuba, kafinta ya yi alkawarin mako biyu ya kai wata uku. Gaskiya ne, kuma uwar amarya tana da hujja idan ta ji tsoron gori daga dangin miji. Amma kafintan da ba ya samun oda sai ta bencin makaranta, yaushe zai ƙware? Wasu kuma za su ce itace ya yi ƙaranci. Wannan ma gaskiya ne. Idan kasuwar kaba ta buɗe ba tare da an kare goriba ba, za a yanke ta tun tana ƙarama har ta ƙare. Dole koyon saƙa ya tafi tare da koyon raya itace, irin yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da gawo a gonakinsu.

Sai batun suna. Albasar Galmi da kilishin Nijar sun samu rajistar kare sunan asali daga hukumar OAPI. Tabarmar Madawa da tukunyar Mirya sun cancanci irin wannan, don kada gobe mu ga zanenmu a kantin Milan da sunan wani.

Ga iyaye, roƙona ɗan kaɗan ne. Ban ce a hana amarya katifa ko kujerun falo ba. A cikin kuɗin kayan ɗaki, a ware kaso guda ga mai sana'ar garinku: tebur na itace mai ƙwari, tabarma mai kyau, tintimin fata, fitilar ƙwarya. A ba shi lokaci, a biya shi daidai, a nemi ya sa sunansa da na garinsa a jiki. Yaron da ya ga an shimfiɗa wa babban baƙo tabarmar da maƙwabciyarsu ta saƙa, ba zai ji kunya ba idan malami ya miƙa masa kaba a aji.